Wace Wuƙar Aljihu Ta Dace da Ma'aikacin Ofis a Legas?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofis a Victoria Island, gida kuma Agege. Kusan kullum sai na nemi abin yanka: kwalin da aka aiko, ambulan, zaren da ya zazzago a hannun riga, lemo ko goro bayan azahar. Na gaji da aron reza a wurin masinja. Ina son wuƙar aljihu mai naɗewa, kyakkyawa, wadda zan fito da ita a gaban manaja ban ji kunya ba. Na duba intanet, sunaye sun yi mini yawa. Wacce zan saya, kuma me zan duba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka, abin da kake nema shi ne ƙaramar wuƙa da za ta zauna a aljihunka daga asuba zuwa dare, ta yi maka ƙananan ayyuka, kuma duk wanda ya gan ta a hannunka ya ga kayan aikin mutum mai tsari. Ƙira gadonmu ce a gida, amma abin da ya riƙe ni a Legas shekara da shekaru shi ne washi da gyara: wuƙaƙen mahautan Oko-Oba, almakasan teloli, askar wanzamai, sai kuma wuƙaƙen aljihu da ma'aikata irinka ke kawo mini idan sun dakushe ko sun cije. Daga abin da ya bi ta hannuna zan amsa maka.

Mafi yawan abin da ka karanta a intanet mutanen Amurka ne suka rubuta shi, don aljihun wandonsu da dokokinsu da iskar garuruwansu. Kai kuwa Bahaushe ne a Ikko, kana bin hanya mai tsawo kullum, kana wuce masu gadi da 'yan sanda, kana zaune a bakin teku. Waɗannan abubuwa su ya kamata su zaɓar maka wuƙa kafin ka kalli sunan kamfani.

Fara da bakin ƙofa

Kafin ka kashe kwabo, ka tambayi shugaban masu gadin gininku ko an yarda a shiga da ƙaramar wuƙa. Manyan gine-ginen Marina da Victoria Island da yawa suna da na'urar bincike a ƙofa, bankuna ma haka, kuma mai gadi umarni yake bi, ba ruwansa da tsadar abin da ka riƙo. Wani ma'aikaci da nake yi wa gyara ya sayo wuƙa mai tsada daga waje, ya je taro a wani gini, aka karɓe ta a ƙofa aka ce ya amsa idan ya fito. Da ya fito an canja masu gadi, kowa ya ce bai gan ta ba. Shi ya sa nake gaya wa kowa: kada ka saka wa aljihunka wuƙar da ɓatanta zai hana ka barci. Idan tafiya ta kama ka ta filin jirgin Murtala Muhammed, ka sa ta a akwatin da za a auna a tura ciki, domin a jakar hannu ƙwace ta za a yi komai ƙanƙantarta.

Sai maganar hukuma. Ni maƙeri ne, fassarar doka aikin lauya ce, kuma idan kana da lauya a ofis ka tambaye shi. Abin da zan iya gaya maka shi ne dokar laifuka ta hukunta wanda ya fita cikin jama'a da makami ta yadda zai tsorata mutane, kuma a kan titi ɗan sanda yana auna abu biyu: kamannin wuƙar da amsar da ka ba shi. Ƙaramar wuƙa mai mabuɗin kwalba da abin gyaran farce tana bayyana kanta. Baƙa mai tsini da haƙora, wadda ke tsalle ta buɗe da ƙara, ita ma tana bayyana kanta, sai dai abin da take faɗa ba zai taimake ka ba. A Ingila, tun dokar 1988, an yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa marar sakata idan ruwanta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.6. Wannan dokarsu ce, ba tamu ba, amma ma'auni ne mai hankali kuma shi nake ba mutane su bi.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, kuma gara in faɗe shi a fili. A garin nan wasu suna yi wa Bahaushe kallon mai yawo da wuƙa a ƙugu. Zato ne marar adalci, amma yana nan, kuma wanda ya zauna a Idi-Araba lokacin rikicin ƙabilanci na 2002 ya san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Saboda haka idan a ranka akwai tunanin kare kai daga 'yan ƙwacen waya a cunkoso, ina roƙonka ka cire shi. Wuƙar aljihu ba ta kare mutum daga mutum uku, sai dai ta mai da ƙwace ya zama jini. Kuma ranar da ka ce wa jami'i "ta kare kai ce," da bakinka ka mai da ita makami.

Girma, siffa da sakata

Ruwan da ke tsakanin santimita 5 zuwa 7 ya ishe ka duk abin da ka lissafa. Nauyi kada ya wuce giram 60 ko kusa da haka. Buck 110 ta Amurka, wadda ta fito a farkon shekarun 1960, wuƙa ce mai nagarta, amma ta kai giram 200, an yi ta don mafarauta, za ta ja aljihun kaftaninka ƙasa ta ɓata maka zubin ɗinki.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne kaurin ruwa. Wuƙa tana yanka ne da siranta. Ka kalli askar wanzami, ka kalli wuƙar mai tsire da aka wasa shekaru har ta zama kamar ganye: ba tsadar ƙarfe ke sa su ratsa abu ba. Wuƙaƙen zamani da yawa ana yin su da kauri don su yi kama da na soja, idan ka sa su a goro sai su fasa shi maimakon su yanka, idan ka sa su a kwali sai su maƙale. Ka nemi wadda bayanta bai wuce milimita 2 da ɗan kai ba, kuma ta sirance a hankali tun daga baya har zuwa kaifi. Baki ya zama sumul ba haƙora, domin mai haƙora tana yaga takarda kuma wasa ta a gida wahala ne. Tsini ya zama mai saukowa, ba mai miƙewa kamar mashi ba.

Game da sakata, iri biyu ne a taƙaice. Akwai wadda sifirin na baya ke riƙe ruwanta kawai, ka buɗe da farce ta ɗan gurbin da aka yanka a jikin ruwan, ka rufe da tura hannu. Akwai kuma mai kulle ruwan, sai ka danna ko ka ture wani abu kafin ta naɗe. Mai sakata ta fi aminci ga mai aiki mai nauyi, wannan gaskiya ne. Amma kai kwali da lemo za ka yanka. Matuƙar kana yanka da kaifi ba ka soka da tsini, marar sakata ba za ta rufe a kan yatsanka ba. Kuma buɗewa da hannu biyu, a natse, tana da wata kamala da ba a samu a wadda ake fyaɗawa da yatsa ɗaya. Abokiyar aikinka da ke teburin gefe ba za ta zabura ba. A wurina kyan wuƙar ofis daga nan yake farawa.

Iskar Legas da ƙarfe

Nan ne na fi son ka tsaya, domin nan ne mafi yawan kuɗi ke lalacewa. Mu da muka taso a Arewa mun saba da baƙin ƙarfe. Maƙeri ya ƙera maka wuƙa, ka goge ka rataye, ta shekara ba abin da ya same ta, saboda iskarmu busasshiya ce yawancin shekara. Legas ba haka take ba. Laima tana cika iska kusan kullum, damina tana da tsawo, watan Yuni kamar sama ta ɓule, ga gishirin teku da iska ke ɗaukowa, musamman a tsibiri inda kake aiki. Ƙara da gumin jikinka, wanda shi ma gishiri ne, a cikin danfo ko BRT daga Agege zuwa can. Aljihunka ɗakin tsatsa ne.

Na taɓa ba wani bawan Allah shawarar ya sayi wuƙa mai baƙin ƙarfe saboda daɗin washinta, domin ni ita nake so a hannuna. Bayan mako biyu ya dawo da ita, tsatsa ta ci gindin ruwan inda yake juyawa, wurin da tsumma ba ya kai wa. Ya yanka lemo ne ya naɗe bai goge ba. Laifina ne da ban tambayi yadda yake rayuwa ba, kuma tun daga ranar na daina ba ma'aikacin ofis wannan shawara. Baƙin ƙarfe na wanda ke wanke wuƙarsa ya shafa mata mai kowace rana ne, kamar mahauci.

Abin da ke hana ƙarfe tsatsa wani sinadari ne da ake zubawa a cikinsa, kuromiyom. Sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 kafin a kira ƙarfen marar tsatsa, kuma na wuƙa mai kyau yakan kai 13 ko fiye. Shi ke yin wata siririyar fata a saman ƙarfen da ido ba ya gani, ta tare ruwa da iska. To amma a wasu ƙarafa sinadarin kabon yana kama wani kaso na kuromiyom ɗin ya riƙe, sai abin da ya rage bai isa tsaro ba. Misalin da za ka fi cin karo da shi shi ne D2. Wuƙaƙen Chaina masu kyan gani da yawa da shi ake yin su, ana tallar cewa yana daɗewa bai dakushe ba, kuma haka ne. Amma a Legas yana fitar da ɗige-ɗigen tsatsa, sannan ranar da ya dakushe sai ka sha wuya kafin ka dawo da shi a kan dutse na gida. Idan ka ga an rubuta 12C27 ko 14C28N, waɗannan na Suwidin ne, ko VG-10 na Japan, ko ƙarfen da Victorinox, kamfanin wuƙaƙe na Suwizalan, ke amfani da shi, hankalinka ya kwanta. S35VN da ire-irensa masu tsada suna da kyau, sai dai kana biyan kuɗin juriyar da aikinka ba ya bukata, kuma suna son dutsen washi na musamman.

Ka sani cewa ƙarfen Victorinox yana da ɗan taushi, taurinsa wajen 55 zuwa 56 a ma'aunin Rockwell, yayin da masu tsada ke kai 60. Masu rubutu a intanet suna ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin alheri ne ga mutum irinka: ta dakushe da wuri, ka dawo da ita cikin minti biyu a gindin kofin shayi.

Mariƙi ma iska tana taɓa shi. Katako yana shan laima ya kumbura. Ƙaho da ƙashi suna da kyau ƙwarai, amma ka tafi gida hutu lokacin hunturu, su fita daga laimar Legas su shiga bushewar Kano ko Sakkwato, sai ka ga tsaga ta fito kusa da ƙusoshi. Tagulla tana yin kore ta bar wari a hannu. Abin da ya fi jure zirga-zirgarmu shi ne alminiyom, ko taitaniyom, ko irin mariƙin da ake yi da yadi ko zaren gilashi a matse da danƙo. Ka kuma guji wadda aka sa wa ƙananan ƙwallayen ƙarfe a gwiwarta don ta buɗe da santsi, domin ƙurar aljihu da laima suna taruwa a nan.

Sunayen da zan iya tsaya musu

Da ɗana ne ya yi mini wannan tambaya, Victorinox Cadet mai mariƙin alminiyom zan sa a hannunsa, wadda suke kira Alox. Tsawonta a naɗe milimita 84, nauyinta bai kai giram 50 ba, siririya ce ba ta tayar da aljihu. Tana da ruwa ɗaya, da magagarin farce, da mabuɗin gwangwani da na kwalba waɗanda bakinsu ke kwance sukuru. Kamfanin yana garin Ibach a Suwizalan tun 1884, lokacin da Karl Elsener ya buɗe shagonsa, kuma alamar nan ta garkuwa kowa ya san ta, har mai gadi. Wannan sanin da aka yi mata rabin amfaninta ne. Idan almakashi ya fi damunka saboda zaren riga, akwai 'yar ƙaramar Classic SD mai milimita 58 da ake maƙalawa a makullai, sai dai ruwanta ya yi ƙanƙanta ga lemo. Pioneer X mai milimita 93 ta haɗa ruwa babba da almakashi, amma ta fi kauri da nauyi.

Ta biyu ita ce Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890 a yankin Savoie. Babu wuƙa mai sauƙin kuɗi da ta fi ta daɗin yanka 'ya'yan itace, saboda siririn ruwanta. Lamba 6 mai ruwa santimita 7 ta dace da ofis, lamba 8 mai santimita 8.5 ta ɗan yi girma. Tana da zobe a wuya da aka ƙara mata a 1955, ana murza shi ya kulle ruwan. Ka tabbatar an rubuta Inox a jikinta, wato marar tsatsa, ba Carbone ba, wato baƙin ƙarfe. Matsalarta a nan ita ce wadda na faɗa: mariƙinta katako ne, da damina yakan kumbura ya cije ruwan har farce ya kasa ciro shi. Mutanen can suna buga gindin mariƙin a kan tebur sai ruwan ya leƙo. Ni nakan busar da ita sosai, in ɗan goge cikin tsagar da takardar yashi, in shafa wa katakon kakin zuma. Kuma mariƙin zagaye ne, ya fi zama a jaka ko aljihun tebur.

Laguiole kuwa, mai siririn jiki da ɗan ƙudan zuma a bayanta, ita ce wadda ido ya fi so, kuma na san ita ce irin abin da kake hangowa da ka ce "kyakkyawa." Amma sunan na wani ƙauye ne a Faransa, ba na kamfani ɗaya ba, shi ya sa kasuwa ta cika da waɗanda aka yi a Pakistan da Chaina da wannan suna da wannan ƙuda. Ta gaske tana ɗauke da sunan maƙerinta, daga ƙauyen ko daga garin Thiers, kuma tana da tsada. Tsininta ma ya yi tsawo ga titin Legas. Haka Mnandi ta Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu da ya koma Amurka: aiki ne da maƙeri zai tsaya ya daɗe yana kallo, amma kuɗinta ya kai a ce a gida za ta zauna. Okapi mai zobe, wadda iyayenmu suka sani, baƙin ƙarfe ce kuma a wasu ƙasashe sunanta ya haɗu da 'yan daba, ba ta ofis ba ce.

Wurin saye da gane jabu

Araha ba ta ado. A Idumota da Balogun da Trade Fair za ka ga jajayen wuƙaƙe masu alamar da ta yi kama da ta Suwizalan a kan kuɗin farantin abinci. Ka buɗe ruwan ka duba gindinsa: ta gaske an buga sunan Victorinox da Swiss Made a cikin ƙarfen, rubutu mai tsafta. Opinel ta gaske tana da hoton hannu da kambi a jikin ruwan. Amma mai jabu ma ya iya rubutu, don haka hannunka ne alƙali. Ka buɗe ka rufe sau goma, ka ji ko sifirin yana kamawa da ƙarfi iri ɗaya kowane karo. Ka riƙe ruwan a buɗe ka girgiza shi hagu da dama, kada ya yi wasa. Ka naɗe ka duba ko ya kwanta a tsakiya bai gogi gefe ba, ka shafa yatsa ka ji ko tsinin ya ɓuya gaba ɗaya, domin wanda ya leƙo zai huda aljihu ya huda yatsa. Wadda aka zana wa layuka kamar igiyar ruwa aka ce ƙarfen Dimashƙa ne, in tana da arha, yawanci zane ne a sama ko kuma ƙarfen da ba a san asalinsa ba, kuma tana saurin tsatsa. Idan ta intanet za ka saya, ka zaɓi mai karɓar kaya idan an mayar, ko ka ba ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya saƙo ya sayo a shagon kamfanin ya sa a babban akwati.

Riƙewa da kulawa

Wuƙaƙe da yawa suna da maƙali irin na biro. A wandon jins yana da amfani, a shadda ko yadin kwat kuwa yana cin bakin aljihu, kuma yana nuna wa duk mai kallo cewa ga wuƙa. Ka bar ta ta kwanta a ƙasan aljihun wando. Kada ka sa ta a aljihun ƙirji na kaftani, za ta faɗo a sujada. Aljihun gefe na kaftani shi ma yakan zubar da kaya idan ka zauna a mota. Baduku a Agege zai ɗinka maka ɗan kube na fata daidai jikinta don kada makullai su karce ta, amma da dare ka zare ta daga ciki, domin fata tana riƙe laima har ta yi fumfuna.

Bayan lemo ko mangwaro ka wanke ka goge kafin ka naɗe. Danƙon salatif na kwali yana fita da ɗan abin wanke hannu mai sinadari. Sau ɗaya a wata ka buɗe ta, ka fitar da ƙurar ciki da tsinke ko tsohon burushi, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a gwiwar, ka goge abin da ya malalo don kada ya taɓa abinci. Kada ka yi amfani da man gyaɗa a gwiwar, yana daskarewa ya yi danƙo. Kada ka ɓamɓare murfi ko ka kwance sukuru da tsininta. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini a karye ta nan suka karye. Idan wani ya ara, ka miƙa masa a naɗe, domin Annabi (SAW) ya hana a miƙa takobi a zare, kuma ladabin ɗaya ne.

Washi kuma kada ka kai ta wurin mai injin da ke tartsatsi. Zafin yana ƙona bakin ƙarfe, idan ka ga ya yi shuɗi to taurin ya tafi, kuma injin zai cinye ruwan ƙaramar wuƙa a zama biyu ko uku. Ka kifa kofin tangaran, za ka ga zobe a gindinsa wanda ba a shafa wa ƙyalli ba. Ka jiƙa shi, ka kwantar da ruwan, ka ɗaga bayansa kaɗan kamar digiri 15 zuwa 20, ka ja shi daga gindi zuwa tsini sau goma a kowane gefe ba tare da dannawa ba. Sannan ka goga shi a bayan tsohon bel na fata, kana ja da baya yadda wanzami ke yi wa aska. Ka gwada a gefen takardar ofis: idan ta ratsa ba ta yaga ba, ka tsaya a nan.